Tambaya da Amsa: Jerin PRBS da Gwajin Layukan Sadarwa

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan abu guda, wato jerin sifili da ɗaya da ake turawa cikin layin sadarwa domin a gane lafiyarsa kafin a ɗora masa kiran mutane da bayanansu.

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ɗalibi ne a sashen lantarki, ina zaman koyon aiki. Na ga na'urar gwaji an rubuta mata 2¹⁵−1, aka ce mini wai PRBS ke nan. Mene ne shi, kuma me ya hana a tura fayil na gaske a gani ko ya isa lafiya? — Ɗalibi daga Zariya

Wa alaikumus salam. Kafin mai karɓa ya ce an yi kuskure, dole ne ya riga ya san abin da aka aiko. Malamin da ke sauraron haddar almajiri ba ya buƙatar allo a gabansa, karatun yana kansa, da an tsallake harafi zai ji. Haka ake son na'urar gwaji ta zama. PRBS jeri ne na bit wanda duk mai kallo zai ɗauka kara-zube ne, alhali shiryayye ne, kuma ƙa'idar da ke haifar da shi gajeriya ce ƙwarai. Na'urar da ke can nesa ta san ƙa'idar, saboda haka tana ƙera nata jerin, tana gwada shi da mai isowa bit bayan bit, tana ƙirga inda suka saɓa. Adadin saɓanin idan aka raba shi da jimillar bit ɗin da suka wuce, shi ne ma'aunin da ake kira BER. Fayil kuwa sai an kai kwafinsa can tukuna, yana ƙarewa, kuma babu tabbacin ya ƙunshi irin jerin da ke wahalar da layi.

Za ka iya tambaya, to me ya sa ba a tura 1010 kawai ba, tunda shi ma sananne ne? Saboda kowane bit yana barin ɓurɓushinsa a kan na bayansa. Layi na iya wucewa da 1010 sumul, amma ya yi tuntuɓe idan ɗaya guda ta zo bayan sifili goma. Ana son jerin da zai kawo kowane irin maƙwabtaka.

Ɗauki takarda mu ƙera ƙarami. Zana gurabe huɗu a jere, ka sa 1 a kowanne. A duk bugun agogo, bit ɗin gurbi na huɗu ya fita kan layi, sauran kowa ya matsa gaba da gurbi guda, gurbin farko kuma a cika shi da hukuncin ƙofar XOR a kan abin da ke gurbi na uku da na huɗu kafin matsawar: in iri ɗaya ne a sa 0, in sun bambanta a sa 1. Abin da zai fito shi ne 111100010011010, bit 15, sannan ya koma farko. Ƙirga, za ka sami ɗaya takwas da sifili bakwai. Ka duba kuma, duk wani haɗin bit huɗu ya bayyana sau ɗaya tak a zagayen, ban da 0000. Dalilin cire ɗayan nan ke nan: gurabe huɗu suna da hali 16, amma in duka suka zama sifili, XOR sifili zai yi ta bayarwa har abada. Don haka 2¹⁵−1 da ka gani gurabe 15 ne, jerin kuma bit 32,767.

Ba kowane gurbi ake ɗiba daga gare shi ba. Sake gwadawa da gurbi na biyu da na huɗu, za ka ga 111100 ne ke ta maimaituwa, bit shida kacal. Lissafin da ke nuna guraben da ke ba da cikakken zagaye, Solomon Golomb, masanin lissafi Ba'amurke, yana cikin waɗanda suka kafa shi tun shekarun 1950, ya kuma tattara shi wuri guda a 1967. Ma'aikaci a fili ba ya buƙatar sake wannan lissafi, an riga an tsayar da guraben a ƙa'idojin duniya.

Ranka ya daɗe, muna ɗaga layin E1 a kan rediyon maikurowef tsakanin tasha biyu. Na'urata da ta abokin aikina da ke ɗaya bakin sun ƙi kama sahu, alhali rediyon bai nuna wata ƙararrawa ba. Daga ina za mu fara? — Ma'aikacin sadarwa daga Maraɗi

Ku fara da waya a kunne, kowa ya karanta wa ɗan'uwansa saitin na'urarsa layi bayan layi. Galibin irin wannan matsala a nan take ƙarewa.

Na farko, jerin kansa. Ƙa'idar O.150 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ware wa kowane gudu nasa. E1 mai gudun kilobit 2048 a daƙiƙa nasa shi ne PRBS15, wanda ke ɗiba daga gurbi na 14 da na 15. Tasha guda ta kilobit 64 ana gwada ta da PRBS11 mai bit 2,047, daga gurbi na 9 da na 11. PRBS9 mai bit 511 na layukan da ba su da gudu ne. E3 mai kilobit 34,368 da E4 mai 139,264 nasu PRBS23, bit 8,388,607, daga gurbi na 18 da na 23. In ɗayanku yana kan 15 ɗayan yana kan 23, kusan rabin bit za su saɓa, kamar mai canki-canka, kuma na'urar ba za ta taɓa kama sahu ba.

Na biyu, kifewa. Ƙa'idar ta ce PRBS15 da PRBS23 a kife ake tura su, wato kowace 1 ta koma 0, kowane 0 ya koma 1. Matsalar ita ce masu ƙera na'urori ba su haɗu a kan suna ba. Abin da wannan kamfani ya kira "na ƙa'ida" wancan yana kiransa "kifaffe". Kada ku amince da sunan da ke kan allo idan na'urorin ba na gida ɗaya ba ne. Mutum guda ya juya nasa, ɗayan ya tsaya inda yake. In ku biyu kuka juya lokaci guda, kun koma gidan jiya.

Na uku, firam. E1 yana da gurbin lokaci 32, kowanne kilobit 64. In an zaɓi gwaji marar firam, jerin ya cika duka 2048. In mai firam ne, gurbin 0 na alamar firam ne, jerin ya shiga sauran 31, wato kilobit 1984, ko 30 idan gurbi na 16 an bar wa sigina. Layin da ya ratsa na'urar rarraba tashoshi ba zai karɓi marar firam ba, domin ita gurbin 0 take nema. Ku duba kuma ko CRC-4 a kunne yake a baki ɗaya, a kashe a ɗayan.

Idan an kama sahu amma yana kuɓucewa a kan lokaci kamar an sa masa agogo, to maganar bugun agogo ce. An yarda E1 ya kauce da kashi 50 cikin miliyan. Bambancin da ya kai haka tsakanin agogo biyu yana tara bit kusan 102 a kowace daƙiƙa, firam guda kuma bit 256 ne, saboda haka duk daƙiƙa biyu da rabi na'urar da ke tsakiya za ta zubar da firam ko ta maimaita shi. Jerin ya goce ke nan, sai kuskure ya yi tsalle zuwa rabi. Na'urar gwaji tana ɗaukar sahu ya ɓace idan kuskure ya kai kashi 20 cikin ɗari a daƙiƙa guda, ta sake nema, ta kama, can ya sake gocewa. Maganin shi ne agogo ɗaya: baki guda ya yi amfani da na cikinsa ko na cibiya, ɗayan ya tsamo daga abin da yake karɓa. In kowanne ya ce daga ɗan'uwansa zai tsamo, babu jagora, gudun zai yi ta yawo.

Sai a ƙarshe ku koma kan waya. E1 yana zuwa a kebul mai om 75 ko tagwayen waya masu om 120, kuma haɗa su ba tare da balun ba yana jawo kurakuran lambar HDB3. Kuskuren HDB3 shaida ce mai amfani, domin yana nuna laifin yana kan guntun wayar da ke tsakanin na'urarka da akwatin farko. Akwatin yana sabunta lambar kafin ya tura gaba, don haka irin wannan kuskure ba ya tsallaka rediyo.

Malam, na gwada layi minti biyar, kuskure sifili. Mai aikin ya ƙi sa hannu, ya ce sai an kwana ana gwaji. Ba wahalar da mu kawai yake yi ba? — Ɗan kwangila daga Kano

Gaskiya tana wajen mai aikin, kuma lissafi yana bayansa. A minti biyar, E1 ya wuce da bit miliyan 614. A ce layin yana yin kuskure ɗaya cikin biliyan. To ai fiye da rabin gwaje-gwajen minti biyar sifili za su nuna, ba don layin ya fi haka kyau ba, sai don ba a jira ba. Ko da ka tura bit biliyan cif, damar ka ga sifili tana nan kashi 37 cikin ɗari. Ƙa'idar da ake bi ita ce a ninka sau uku: in kana son tabbacin kashi 95 cewa layin ya fi ɗaya cikin biliyan kyau, sai bit biliyan uku sun wuce ba kuskure ko ɗaya. A E1 wannan ya ɗan haura minti 24. In ɗaya cikin biliyan goma ake nema, awa huɗu da 'yan mintoci. Tabbacin kashi 99 kuma ninki 4.6 yake so. Layin gigabit 10 yana tura bit tiriliyan uku a minti biyar, shi ya sa gajeren gwaji ke da nauyi a can, a nan kuma ba shi da shi.

Kwanan kuma yana da wani dalili da ya wuce ƙirga. Layi yana rayuwa ne cikin yini da dare. Akwatin da ke jikin hasumiya yana gasuwa da azahar ya huce da asuba, wuta tana komawa daga layi zuwa janareta, iska tana sauya hali da tsakar dare ta karkatar da siginar maikurowef. Ƙa'idar M.2100 ta ITU ta tanadi gwajin minti 15, na awa 2 da na awa 24 saboda irin wannan. Kuma abin da ake dubawa ba BER kaɗai ba ne. Kuskure dubu da ya watsu cikin yini daban yake da dubun da ya zubo a daƙiƙa guda. Don haka ake ƙirga daƙiƙu masu kuskure, da daƙiƙu masu mummunan kuskure, kuma in munanan suka jeru goma a jere, an shiga lokacin da ake lissafa layin a matsayin ba ya aiki. Ka lura kuma rediyon da ke sama da gigahaz 10 ruwan sama yana cin siginarsa, saboda haka sakamakon da aka samu a Janairu bai faɗi abin da zai faru a Agusta ba. Wannan sai a duba ratar ƙarfin sigina da aka bari a tsarin layin.

Abin da ya fi damunmu a wasiƙarka shi ne sifilin kansa. Sifili yana iya zama na ƙarya, kuma ta hanya fiye da ɗaya. Idan ta madauki kake gwaji, wato lup, inda ake lanƙwaso siginar daga can nesa ta dawo maka, wani tsohon lup da aka manta a akwatin farko zai dawo maka da jerinka tsaf, ka yi awa 24 kana gwada waya mai mita uku. Haka kuma layin da ya mutu yana ba da sifili zalla, sifili zalla kuwa ya cika ƙa'idar XOR, don 0 da 0 suna ba da 0. Idan jerin kifaffe ne, ɗaya zalla ce ke yin wannan yaudarar, ita ce kuma ainihin siginar AIS da akwatunan E1 ke turawa idan layi ya yanke a gabansu. Na'urori masu kyau suna da kariya daga wannan, amma wadda aka rubuta a gida ko aka dasa cikin guntun lantarki ba lallai ba ne.

Saboda haka kafin ka fara ƙirga lokaci, yi abu biyu. Danna maɓallin cusa kuskure sau biyar, ka tabbata biyar cif suka bayyana a ɗaya bakin. Sannan ka sa wanda ke can nesa ya zare lup ɗin na daƙiƙa goma, ka ga ƙararrawa ta tashi a wajenka. In ba ta tashi ba, siginarka ba ta isa wurinsa. Bayan nan ka share ƙirgar, ka fara. Ka kuma sani lup yana haɗa zuwa da dawowa a ƙirga ɗaya, in kuskure ya fito ba zai gaya maka a wace hanya yake ba, sai an ajiye na'ura a kowane baki.

Injiniya, layin faiba na gigabit 10 yana wucewa da PRBS7 lafiya, amma PRBS31 yana kawo kuskure. Wanne zan gaskata? — Mai karatu daga Kaduna

Gaskata PRBS31. PRBS7 bit 127 ne, kuma bit iri ɗaya ba sa jeruwa a cikinsa fiye da bakwai. Ya dace da layukan da ke amfani da lambar 8b/10b, kamar Ethernet na gigabit ɗaya a faiba, inda ba a taɓa samun fiye da biyar a jere. Ethernet na gigabit 10 kuwa 64b/66b yake amfani da ita, wadda ke hautsina bayanai kawai ba tare da ta hana dogon jeri ba. Don haka ƙa'idarsa ta IEEE 802.3ae ta kawo PRBS31, mai ɗiba daga gurbi na 28 da na 31, tsawonsa bit 2,147,483,647, wanda a wannan gudun yake zagayowa kusan sau biyar a daƙiƙa.

Dogon jeri yana tona asirin abu biyu. Sashen da ke tsamo bugun agogo yana dogara da sauyi daga 0 zuwa 1, in ya yi bit talatin bai ga sauyi ba sai ya fara gocewa. Kafasitocin da ke kan hanyar siginar su ma suna sauke caji a lokacin, sai tsakiyar siginar ta zame daga inda mai karɓa ke yanke hukunci. Layin da ba shi da rata isasshiya a nan yake faɗuwa.

Fara da auna hasken da ke isowa. Mojul na LR mai kilomita 10 yana son tsakanin −14.4 da +0.5 dBm. Na ER mai kilomita 40 yana iya fitar da +4 alhali mai karɓarsa ba ya jure fiye da −1, don haka in ka yi masa lup da gajeriyar faiba ba tare da abin rage haske ba, kai ka ƙirƙiro kuskuren. Sannan duba bakin mahaɗa da madubinsa. Zuciyar faibar kusan maikuromita 9 ce, ƙwayar ƙurar hunturu guda ta isa ta tare wani sashe nata. A goge, a sake dubawa, sannan a soka.

Layukan da suka fi wannan gudu suna da gyaran kuskure na FEC, wanda ke ɓoye lalacewa har sai ta yi yawa. A Ethernet na gigabit 400, an yarda kuskuren kafin gyara ya kai kusan 2.4 cikin dubu goma. Karanta ƙirgar kafin gyara, ita ce ke nuna saura nawa layin ya faɗi.

Ina koyar da ɗalibai, ina son mu haɗa janaretan PRBS a kan allon gwaji da kayan da ake samu a kasuwa. — Malama daga Katsina

Malama, guntu uku sun isa: 555 don bugun agogo, 74HC164 mai gurabe takwas, da 74HC86 mai ƙofofin XOR huɗu, duka a kan bolt 5. PRBS7 yana ɗiba daga gurbi na shida da na bakwai, wato ƙafa ta 11 da ta 12 a jikin 74HC164. Ki kai su ƙafa ta 1 da ta 2 na 74HC86. Agogo yana shiga ƙafa ta 8.

Inda aka fi makalewa shi ne kunnawa. Ƙafa ta 9 tana share gurabe su koma sifili, wanda shi ne halin da XOR ba ya fita daga cikinsa. Ki kife sakamakon: ƙafa ta 3 ta shiga ta 4, ta 5 a ɗaure ta da bolt 5, sannan ta 6 ta koma ƙafa ta 1 da ta 2 na 74HC164 a haɗe. Yanzu sifili zalla ya zama mafari mai kyau, halin makalewa ya koma ɗaya zalla. Ki sa resista mai kilo-om 10 daga ƙafa ta 9 zuwa bolt 5, da maɓalli zuwa ƙasa don sharewa. Kowane guntu a ba shi kafasita mai nanofarad 100 dab da ƙafafun wutarsa, ƙofofin da ba a yi amfani da su ba kuma a ɗaure mashigarsu da ƙasa, in ba haka ba za su yi ta ɗaukar hayaniya. Ki sassauta agogo zuwa bugu biyu a daƙiƙa, ki sa fitilar LED, ɗalibai su rubuta bit 127 da hannu su ga ya zagayo.

In kun haɗa mai karɓa mai sauƙi, wanda ke zuba bit masu isowa kai tsaye cikin gurabensa, za ku ga kuskure ɗaya ya zama uku. Sau ɗaya lokacin da ya iso, sau biyu kuma lokacin da ya ratsa guraben ɗiba ya ɓata hasashe. Na'urorin aiki suna kauce wa wannan ta hanyar cika gurabe da bit masu isowa sau ɗaya, sannan su rufe ƙofa su ci gaba da nasu jerin.

Tunda jerin yana kama da kara-zube, zan iya ɓoye saƙo da shi? — Mai karatu daga Damagaram

A'a. Wanda ya sami bit ninki biyu na yawan gurabe a jere, 30 ke nan ga PRBS15, zai gano guraben ɗiba da hanyar lissafin Berlekamp da Massey ta 1969, daga nan ya san duk sauran jerin. Inda za ka ga an gauraya bayanai da irin wannan jeri, kamar Wi-Fi mai gurabe bakwai ko talabijin na DVB mai gurabe 15, manufar ita ce a wargaza dogayen jerin sifili a baje ƙarfin sigina, kuma kowa ya san ƙa'idar. GPS ma haka: kowane tauraro yana da lambarsa mai bit 1,023 da aka haɗa daga rajista biyu masu gurabe goma, tana maimaituwa sau dubu a daƙiƙa, kuma a buɗe take domin kowace waya ta gane tauraron ta auna nisansa. Don sirri, ka yi amfani da AES.